Yadda Gas Ke Shiga Kwalbar Giyar Gida, da Dalilin da Ya Sa Take Fashewa

Masu dafa giya a gidajensu a Amurka da Ingila da Ostireliya, idan ka bi littattafansu da hirarrakinsu, kukansu bai wuce biyu ba. Na farko, mutum ya shafe wata guda yana jira, ya ɗauko kwalba ya ɓalle murfi, sai ya ji shiru: ba tsaki, ba kumfa, abin da ke ciki ya zama lami. Na biyu kuwa, yana taɓa murfin sai kumfa ta yi tsiri ta kwarara ƙasa da rabin kwalbar, ko kuma cikin dare a ji ƙara daga ɗakin ajiya, gari ya waye a tarar da fasassun kwalabe ko'ina. Irin wannan suna ce mata bam, kuma ba da wasa suke faɗa ba, don gilashin da matsi ya tarwatsa yakan yanki mutum mummunan yanka. Kuka biyun nan tushensu ɗaya ne, wato yawan sukarin da ke cikin kwalbar a lokacin da aka danna mata murfi, da abin da yis ya yi da shi bayan nan.

Na san mai karatu zai ce ina ruwanmu. Giya haramun ce ga Musulmi, wannan a bayyane yake, kuma ba girki nake koyarwa ba. Sai dai abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Matar da ta ɗura zoɓo ko lemon citta a robobi, wuta ta ɗauke kwana biyu, ta dawo ta tarar robobin sun kumbura sun yi tauri, abin da ya faru a firjinta shi ne daidai abin da waɗancan Turawa ke yi da gangan. Bambancin shi ne su sun auna shi, sun rubuta, sun san giram nawa ke haifar da me. Wannan ilimin ne ya cancanci a duba.

Sana'ar ta gida ba ta daɗe da fitowa fili ba. A Birtaniya sai a 1963 aka cire sharaɗin lasisi ga mai dafa wa kansa. A Amurka shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar a watan Oktoban 1978, ta fara aiki a farkon 1979, kuma jihohin Mississippi da Alabama ba su bi sahu ba sai 2013. Tun daga lokacin, matsalar kwalba ce ta fi ba sabbin shiga wahala, domin dafa ruwan tsiron sha'ir da zuba masa yis abu ne da ido ke gani, amma abin da ke gudana bayan an rufe kwalba ba mai ganinsa.

Yis dai shi ne wanda muka sani, ɗan'uwan wanda ake sa wa burodi da fanke. Halitta ce mai rai, kamar yadda Louis Pasteur ya tabbatar wajen 1860, kuma abincinta sukari ne. Idan ta ci sukari a inda babu iska sosai, takan fitar da abu biyu kusan daidai nauyi: barasa da iskar kabon dayoksaid, wadda a kasuwa muke ce wa gas. Giram 180 na sukarin gulukos yakan ba da wajen giram 92 na barasa da giram 88 na gas. A zagayen farko, wanda ake yi a babban bokiti ko tulun gilashi, ana barin gas ɗin ya fita ta wani ɗan bututu mai ruwa a ciki, wanda ke barin iska ta fita amma ba ya barin ta shiga. Bayan mako biyu ko makamancin haka yis ya cinye abin da zai iya ci, ya kwanta a ƙasa, abin ya yi shiru. A wannan matakin giyar ta gama zama giya, amma gas ɗinta kaɗan ne. Sai mai ita ya ƙara ɗan sukari da ya auna, ya ɗura a kwalabe, ya rufe gam. Ragowar yis ɗin da ke yawo a cikin ruwan, wanda ido ba ya gani, sai ya farka ya ci wannan sabon sukarin. A wannan karon gas ba shi da ƙofa. Ya cika ɗan filin da ke wuyan kwalba, matsi ya ƙaru, sai ya koma ya narke a cikin ruwan. Farin datti da ake gani kwance a gindin kwalbar giyar gida, yis ɗin ne bayan ya gama aiki.

Suna ƙirga gas ɗin da awo. Awo 1 yana nufin an narkar da lita 1 ta gas a cikin lita 1 ta ruwa, wanda a nauyi ya kusa giram 2. Kowane irin abin sha da nasa awon. Giyar gargajiyar Ingila ba ta son gas da yawa, awo 1.5 zuwa 2 ya ishe ta. Mafi yawan na Amurka suna tsakanin 2.2 da 2.7. Giyar alkama ta kudancin Jamus tana haura 3, wata har ta kai 4. Lemon kwalba irin su Coca-Cola yana tsakanin 3.5 da 4, shamfen na Faransa kuma yana kaiwa 5 zuwa 6. Ƙa'idar da ta ɗaure duka lissafin gajeriya ce: wajen giram 4 na sukarin shayi a kowace lita yana ƙara awo 1.

Da a ce nan maganar ta tsaya, da ba wanda zai yi kuskure. Sai dai ruwan da ake shirin ɗurawa ba fanko yake ba, yana riƙe da wani gas tun daga zagayen farko, kuma yawansa ya dogara da zafin da aka ajiye shi. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe gas, mai ɗumi kuma sakinsa yake yi, shi ya sa lemon da ya kwana a rana ke feshi idan an buɗe. William Henry, wani masanin sinadarai na Manchester, shi ya bayyana alaƙar matsi da narkewar gas a ruwa a 1803, kuma masu giya har yau da dokarsa suke aiki. Giyar da ta gama tashi a digiri 20 tana riƙe da wajen awo 0.85; wadda ta gama a digiri 10 tana da kusan 1.2. Ɗauki mai lita 19, wato galan 5 na Amurka, wanda shi ne girkin da aka fi yi. Ya ajiye bokitinsa a digiri 20, yana son awo 2.4. Ya cire 0.85, saura kusan 1.55. Ya ninka da giram 4, ya ninka da 19, sai ya samu wani abu wajen giram 118. Maƙwabcinsa da ya ajiye nasa a ɗaki mai sanyi, in ya kwaikwaye shi ya zuba giram 118 ɗin, zai wuce inda ya nufa. Akwai kuma wani ɗan tarko a nan: zafin da ake lissafi da shi, shi ne mafi girman da ruwan ya kai bayan yis ya gama aiki. Idan an saka bokitin a firji daga baya don ya washe, sanyin ba zai dawo da gas ɗin da ya riga ya fita ba.

A nan ne nake ganin littattafan farko sun sauƙaƙa abin fiye da kima. Charlie Papazian, wanda ya kafa ƙungiyar masu giyar gida ta Amurka a 1978, kuma littafinsa na 1984 ya koyar da mutane masu yawa, ya yaɗa awon kofi: kashi uku cikin huɗu na kofi na sukarin masara ga galan 5. Awon yana aiki ga mafi yawan girki, shi ya sa ya karɓu. Amma kofi ba sikeli ba ne. Garin sukari yakan danƙare, yakan sha laima, kuma abin da wani ya kira galan 5 sau da yawa galan 4 da rabi ne bayan an bar laka a gindin bokiti. Sukarin ma iri-iri ne. Na masara da suke saya yana ɗauke da ɗan ruwa a jikinsa, don haka ana buƙatar ɗan ƙari a kan na shayi. Zuma ba ta da tsayayyen awo, kowace da ruwanta. Tsohuwar dabarar Ingila ta zuba rabin cokalin shayi a kowace kwalba ita ce ta fi kowace haifar da bambanci, wannan kwalba ta yi lami, ta kusa da ita ta yi feshi. Waɗanda suka ƙware sukan auna sukarin a sikeli, su tafasa shi da ruwa kaɗan, su zuba a bokiti na biyu, sannan su janyo giyar ta tiyo a kansa, su juya a hankali ba tare da kaɗawa ba, don iskar waje tana gurɓata ɗanɗano. Wanda ya manta juyawar nan, ruwan sukarin mai nauyi zai kwanta a ƙasa, kwalaben farko su kwashe shi, na ƙarshe su tashi a tutar babu.

Duk da haka, ba sukarin da aka auna ne ke fasa kwalba ba a mafi yawan lokaci. Wanda ba a san da shi ba ne. A nan gizo ke saƙar.

Yis ba ya aiki da agogo. Wani lokaci sanyi ya sauko, ko abincinsa ya gaza, sai ya tsaya kafin ya gama. Bututun ya daina ɓulɓula, mai giya ya ɗauka an kammala, ya ƙara sukari ya ɗura. Motsin ɗurawa da ɗumin ɗakin ajiya su tashi yis ɗin, ya cinye sabon sukarin, ya juya kan tsohon da ya bari. Abin da ke gano wannan wani ɗan gilashi ne mai kama da ma'aunin zafi, haidiromita, wanda ake jefawa cikin ruwan ya yi iyo. Ruwa zalla yana nuna 1.000. Ruwan tsiro mai zaƙi kafin a sa yis yakan nuna wajen 1.050, bayan an gama kuma ya sauko wajen 1.010. Kowace ɗigo ɗaya ta ƙarshen lambar da yis ya ci a cikin rufaffiyar kwalba tana ƙara kusan rabin awo na gas. Ke nan wanda ya ɗura a 1.016 alhali girkin nasa zai sauka har 1.010, ya ƙara awo 3 a kan 2.4 da ya nufa. Ya kai matakin shamfen a cikin kwalbar da ba a yi ta don haka ba. Shi ya sa ƙa'idarsu ita ce a auna yau, a sake aunawa bayan kwana biyu ko uku, sai lambar ta tsaya cak sannan a taɓa kwalba. Wanda ya dogara da ɓulɓular bututu kaɗai, caca yake yi, don murfin bokiti mai yoyo ma yana sa bututu ya yi shiru.

Wannan darasin mutanen yankin Champagne na Faransa sun biya shi da tsada. Sanyin hunturu yakan tsayar da yis ɗin ruwan inabinsu kafin ya gama, su ɗura, bazara ta zo ya farka. A wasu shekarun kaso mai yawa na kwalaben rumbu ne ke tarwatsewa, ɗaya ta fashe ta tayar da na kusa da ita, har ma'aikata kan sa abin rufe fuska na ƙarfe kafin su shiga. Malamin cocin nan Dom Pérignon, wanda talla ta mayar da shi uban shamfen, a zamaninsa kumfar aibi ce da ake neman hanawa. Ingilawa ne suka fara neman ta da gangan. A 1615 Sarki James na ɗaya ya hana ƙona itace a masana'antun gilashi, aka koma gawayin ƙasa, wutar ta fi zafi, kwalaben suka fi ƙarfi. A watan Disamban 1662 wani likita, Christopher Merret, ya gabatar wa ƙungiyar masana ta Royal Society takarda da ta ambaci yadda 'yan kasuwa ke ƙara sukari don ruwan inabi ya yi kumfa. Amma sanin nawa za a ƙara ya ɗauki kusan shekara 170. Sai wajen 1836 wani mai haɗa magunguna a garin Châlons, Jean-Baptiste François, ya fito da hanyar auna sukarin da ya rage a cikin ruwan kafin a ɗura, asara ta ragu sosai. A yau masu shamfen suna zuba wajen giram 24 a lita, wanda in ka raba da 4 za ka ga awo 6 ɗin nan, kuma matsin da ke cikin kwalbar ya haura ninki biyu na iskar tayar ƙaramar mota. Dubi kaurin gilashinta da wayar da ke ɗaure toshiyarta, za ka gane dalili.

Akwai kuma kwalbar da aka yi komai daidai, ta yi kyau a wata na farko, a wata na uku ta fara feshi. Wannan yawanci baƙo ne ya shiga. Yis ɗin giya na yau da kullum ba ya iya cin manyan sarƙoƙin sukari da suka rage daga sitacin sha'ir, su ne ma ke ba giyar kauri. Amma wasu yis na daji suna iyawa. Akwai wani nau'i da ake kira diastaticus, mai fitar da sinadarin da ke yayyanka waɗannan sarƙoƙi, kuma ya sa kamfanoni sun janye kaya daga kasuwa. Akwai Brettanomyces, wanda N. Hjelte Claussen na kamfanin Carlsberg ya bayyana a 1904, mai ci a hankali har tsawon watanni. Gidan ibadar Orval a Beljiyam da gangan yake sa shi, amma ya san da zuwansa, ya tanadi kwalba mai kauri. Mai giyar gida da bai wanke tiyonsa da kyau ba, shi bai san ya gayyato kowa ba. Furen hof ma, wanda ke ba giya ɗaci da ƙamshi, idan an jefa shi ɗanye bayan an gama tashi, yana ɗauke da sinadaran da ke sakin sabon sukari. Horace Brown da Harris Morris sun rubuta haka tun 1893, aka manta, sai da yayin zuba hof mai yawa ya zo, masu bincike a Jami'ar Jihar Oregon suka sake tabbatar da shi wajen 2018.

Ba kowane feshi ne yawan gas ba. Gas da ya narke yana buƙatar wurin kamawa kafin ya zama kumfa: ɗan datti, ɓurɓushin hof, ko yis ɗin gindi da aka girgiza. Kwalba mai gas daidai, in an buɗe ta da ɗumi ko bayan an jijjiga, za ta yi ambaliya. Sha'ir da fumfuna irin ta Fusarium ta kama a gona ma yana haifar da haka, ko da an auna komai.

Ɓangaren lami ya fi sauƙin bayani, kuma mafi yawansa rashin haƙuri ne. Yis na buƙatar ɗumi wajen digiri 20 zuwa 22, na tsawon mako biyu zuwa uku. Wanda ya kai kwalabensa ɗakin ƙasa mai sanyi a hunturun Turai, ko ya sa su a firji washegari, ya sa yis barci. Maganin shi ne a dawo da su wuri mai ɗumi, a ɗan juya kowace don yis ya tashi daga gindi, a ƙara jira. Wani kuma ya buɗe a kwana na biyar, ya ji tsaki mai ƙarfi amma ruwan lami, saboda gas ɗin yana wuya bai gama narkewa ba. Kwana biyu a firji bayan an cika makonnin yana taimaka masa ya shiga. Giya mai ƙarfi, wadda barasarta ta haura kashi 8 ko 9 cikin 100, ko wadda ta yi watanni a ajiye, yis ɗinta ya gaji ko ya kwanta duka, shi ya sa masu sana'ar Beljiyam ke ƙara sabon yis kaɗan ranar ɗurawa. Sai kuma murfi. Murfin kwano mai haƙora da muka sani a kwalbar lemo, William Painter ne ya yi rajistarsa a Baltimore a 1892, kuma yana riƙe matsi sosai in an danna shi daidai. Amma na'urar hannu ba ta kama bakin kwalabe masu murɗawa da kyau, kwalabe masu marfin waya kuma robarsu takan tsufa ta tsage. Gas ya yi ta sulalewa ba a sani ba. Akwai kuma masu rikita gas da kumfar saman kofi: wannan ta furotin ɗin hatsi ce, kuma ɗan maiƙo ko ragowar sabulu a kofi yana kashe ta nan take, ko da gas ɗin ya cika.

Dabarar da ta fi burge ni a wurinsu ba ta buƙatar kuɗi. Cikin kwalaben gilashi sukan ɗura ɗaya a robar lemo. Kowace rana a matsa ta. Da farko laushi gare ta, bayan kwanaki ta fara turjiya, in ta yi tauri an san sauran ma sun kai. In kuwa ta yi tauri cikin kwana biyu ko uku, alama ce ta akwai sukarin ɓoye, sai a gaggauta sanyaya sauran, a ɗan sassauta murafe gas ya ragu, da safar hannu da abin kare ido. Kwalbar gilashi ta yau da kullum ba a so a kai ta sama da awo 3 da ɗan kai, kuma zafi yana ƙara tsananta lamarin. Awo 2.5 ɗin da ke zaune lafiya a digiri 20, matsinsa yakan kusan ninkawa idan kwalbar ta kai digiri 38. Wasu daga cikin littattafan nan an rubuta su ne a wuraren da digiri 38 labari ne. A Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu kuwa zafin inuwa ne.

Jamusawan Bavariya, saboda al'adarsu ta dokar tsarkin giya ta 1516, ba sa zuba sukari. Sukan ajiye wani kaso na ruwan tsiron mai zaƙi, su mayar da shi ranar ɗurawa. Lissafin bai canza ba. Hanya ta dabam gaba ɗaya ita ce a tura gas daga tukunyar ƙarfe kai tsaye cikin ruwa mai sanyi, ba yis ba jira. Asalinta ma daga gidan giya ne: Joseph Priestley, da yake zaune kusa da wata masana'antar giya a Leeds a 1767, ya gwada riƙe ruwa a cikin iskar da ke kwance saman manyan kwatarniyoyin, ya ga ruwan ya ɗauki gas. Ya wallafa hanyar a 1772, Jacob Schweppe kuma ya mayar da ita kasuwanci a Geneva a 1783. Duk lemon kwalba da maltinar da muke sha ta wannan hanya suka samu gas ɗinsu, shi ya sa gas ɗinsu bai zo da barasa ba. Masu giyar gida da yawa da suka gaji da wankin kwalba sun koma nan, suna amfani da tsoffin tankunan ƙarfe na kamfanonin lemo.

A nahiyarmu masu abin sha na gargajiya sun kauce wa matsalar ta hanyar ƙin rufewa. Burukutu da pito, a tsakiyar Najeriya da arewacin Ghana, a buɗaɗɗiyar tukunya ake sayar da su suna kan tashi, a shanye cikin 'yan kwanaki. Mai bammi ba ya toshe jarkarsa gam, kumfa ce kullum ke fita ta bakinta. Kwalin Chibuku na kudancin Afirka ma da 'yar ƙofar iska ake yin sa.

Wanda ya rufe gam ba tare da ya sani ba, shi ne mai zoɓo da lemon citta da kunun aya. Waɗannan ba su bi zagayen farko ba, duk sukarinsu yana nan. In lita tana da giram 100 na sukari, wanda shi ne kusan zaƙin lemon kwalba, a lissafi gas ɗin awo 25 ke jira a ciki, abin da babu kwalbar da za ta ɗauka. Ba wanda ya zuba yis, amma yana nan a ɓawon abarba, a jikin citta da dabino, a robar da aka tsinto ba a wanke da kyau ba. Sanyi kaɗai ke riƙe shi, kuma firji ba kashe shi yake yi ba, rage masa gudu yake. Ruwa ba ya tsami banza: robar da ta kumbura tana shaida cewa wani abu mai rai ya fara cin sukarin. Wani lokaci ƙwayoyin tsami ne, irin masu tsamar da kunu da nono, waɗanda wasunsu ma suna fitar da gas. Wani lokaci yis ne. In yis ne, gas da barasa tare suke zuwa, kuma kowane awo 1 na gas yana tafe da wajen rubu'in kashi ɗaya cikin 100 na barasa. Robar da ta yi tauri sosai ta kai rabin kashi ko fiye, in kuma ana sassauta murfi gas na fita ana sake rufewa, barasar ba ta fita tare da shi, taruwa take yi.

Malaman fiƙihu sun lura da wannan alama tun kafin masu giya su fara amfani da haidiromita. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya rage bayan nan ba ya sha. Imamu Abu Hanifa kuma, wajen bayanin lokacin da ruwan inabi ke zama giya, ya ambaci tafasowa da ƙarfi da fitar da kumfa, almajiransa biyu Abu Yusuf da Muhammad ba su sharɗanta kumfar ba. Hukuncin zoɓon da ya fara tashi na malamai ne, a tambaye su. Abin da ilimin kwalba ya tabbatar shi ne ido da harshe ba sa iya faɗin adadin.

Don haka mai sana'ar da ke son zoɓonta ya yi gas irin na lemon kanti, hanyar Priestley ce tata: ta haɗa shi da ruwan soda mai sanyi lokacin sha, ko ta nemi 'yar na'urar tura gas. Ta yi kaɗan-kaɗan gwargwadon cinikin rana, ta wanke robobi da ruwan zafi, kada kuma ta ɗura abin sha mai zaƙi a kwalbar gilashi ta rufe gam a wannan zafin namu. Kai kuma mai saye, ka matsa robar kafin ka biya. In ta ƙi lotsawa, ka ajiye ta ka nemi wata.